Mayen Ƙarfe a Bakin Injin Niƙa

Ku yaran yanzu kuna shiga Zariya ku sayo mayen ƙarfe guda goma a ƙulle cikin leda, ƙanana masu ƙyalli kamar kwabo, ku ce ai abin wasa ne, a manna shi nan ya kama can. Haka kuke ɗaukar gyaran injin niƙa ma: noti huɗu, bel ɗaya, shi ke nan. To ku gyara zama in ba ku labarin yadda irin wannan mayen ya fara shigowa shagona, lokacin da duk Ikara babu wanda ya taɓa ganin sa, da kuma abin da ya nuna mini a cikin aikin da nake ganin na riga na ƙware a kansa.

Sunana Bitrus. A wani ƙauye cikin Janfalan aka haife ni, gidanmu manoma ne tun kakanni. Ina saurayi mahaifina ya kai ni wurin Oga Yohanna, mutumin kudancin Kaduna da ya zauna Ikara yana gyaran injuna. Shekarata ta farko a wurinsa ban riƙe sifana ba, sai wanke noti da kananzir da share shago. Da ya fara koya mini, ta kunne ya fara. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji yana aiki, ya kafa mini ƙotar a kunne, ya ce, "Faɗa mini abin da ke damun sa." In na ce ban ji komai ba, ya ce in ci gaba da tsayuwa. Shekara shida na yi da shi kafin ya sallame ni, na buɗe nawa shagon a zauren gidan da nake haya, wanda daga baya na saya. Nan nake har yau.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, kan injin niƙa faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa. Hatsi ya shiga tsakaninsu, ya fito gari ta indararo ya zuba a kwano. Haƙoran nan suna cinyewa, sai a kwance farantin a kawo mini in sake fitar da su a dutsen wasa. Lokacin da nake koyon aiki, farantin waje ake sa wa, mai tauri, ya daɗe bai nemi wasa ba. Da soja suka kawo tsarin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, farantin waje ya fi ƙarfin kowa, daga baya ma ya ɓace a kasuwa. Sai masu zubi na gida suka fara narka duk abin da suka samu, fasasshen inji, tsohuwar tukunyar ƙarfe, gindin keken ɗinki, suna zuba faranti mai araha. Ni ne na riƙa ɗauko su a babur ina ɗaura wa masu inji daga Ikara har Makarfi da Kudan. Ba su daɗewa suke sulɓewa, ni kuwa ban ga aibin hakan ba, don kullum shagona da aikin wasa.

Ana cikin haka wani ɗan gwangwan mai suna Ɗanlami, wanda ke kawo mini tsofaffin ƙarafa daga Zariya, ya zo da wasu akwatuna huɗu na alminiyom, kowanne ya kai girman bulon sabulu biyu, ga nauyi. Ya ce wani ofis ne ya zubar da tsofaffin kwamfutoci, wannan kuma wai shi ne inda kwamfuta ke ajiye abin da aka rubuta. Ni alminiyom ɗin da ƙananan sukurorin nake so. Da na buɗe na farko, na ga faifai masu sheƙi kamar madubi, a gefe kuma wasu ƙarafa biyu a haɗe da na rasa yadda zan raba. Na nemi sukuru, babu. Na nemi walda, babu. Na kai sukudireba kusa, sai ta fizge daga hannuna ta manne. Na san mayen ƙarfe, irin baƙin nan na bayan lasifika, wanda muke tsintar allura da shi. Amma wannan ɗan siriri ne, lanƙwasasshe kamar ɓarin goro, fari fat, kuma ya fi na lasifika ƙarfi nesa ba kusa ba. Kowane akwati biyu ke ciki, na tashi da takwas.

A makon farko ban yi aikin kirki ba, sai gwaje-gwaje. Ranar farko ma biyu suka haɗu da fatar yatsana a tsakani, jini ya kwanta baƙi ƙirin, farcen ya fita daga baya. Daga nan na koyi cewa ba a ja, zamewa ake yi, a tura ɗaya gefe a bakin benci har ya rabu. Na koyi ajiye su da katako a tsakani, domin wata rana na bar biyu a kan tebur da tazarar taƙi guda, suka yi tsalle suka haɗu, ɗaya ya fashe kamar tangaran, ɓarɓashin ya wuce ta gefen idona. Abin mamaki, ƙarfe mai wannan ƙarfi amma ba ya jure duka. Agogon hannuna ya tsaya. Kaset ɗin waƙoƙin coci da maiɗakina ta ajiye a kan benci ya koma shuu, babu murya ko ɗaya, kuma sai da na yi kwana biyu ina ba da haƙuri. Amma ya yi mini amfani. Da shi nake gane tagulla ta gaskiya da ƙarfen da aka shafa wa ruwan tagulla. Da shi na ciro gugar maƙwabta daga rijiya. Noti ya faɗa cikin tukunyar baƙin mai, maimakon in kwance inji, sai in ɗaura mayen a waya in zura.

Babban mai ba ni aiki a lokacin shi ne Alhaji Sule na Makarfi. Injuna uku gare shi, ɗaya a bakin kasuwar Makarfi, biyu a wajen Kudan. Mutum ne mai cika alkawari, kuma bai taɓa kiran wani makaniki ba sai ni. Wata Laraba ina ɗaure bel a injinsa na kasuwa, wani ɗan noti ya suɓuce mini ya faɗa cikin kwanon garin masara da aka gama niƙawa. Mai garin ta tafi sayen gishiri. Ban so in cusa hannu mai baƙin mai a abincin mutane ba, sai na sa mayen a cikin leda mai tsabta, na ratsa garin da shi sau biyu. Notin ya fito. Amma ba shi kaɗai ba. Jikin ledar ya yi baƙin gemu, tsaye cirko-cirko kamar gashin bushiya. Na murza a yatsa, ya yi mini kaushi, ya bar baƙi.

Alhaji yana zaune a benci, na nuna masa. Ya duba ya ce, "Ƙasar masussuka ce, Bitrus. Mutanen ƙauye a ƙasa suke sussuka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ba ta bin mayen ƙarfe haka."

Ya ce, "Wata ƙasar tana bi."

Bai yi ƙarya ba, na taɓa jan mayen a cikin yashin rafi na ga ɗan baƙi-baƙi. Don haka na ƙarasa ɗaure bel ɗin na kama hanya. Amma duk hanyar komawa Ikara abin yana raina, kuma wata tambaya ta faɗo mini wadda ban taɓa yi wa kaina ba a duk shekarun nan. Ni ke fitar wa faranti haƙora. Bayan ɗan lokaci a dawo mini da shi sumul. To haƙoran ina suke tafiya? A ƙarƙashin inji ban taɓa share su ba.

Da na isa gida na auno masara daga rumbunmu, na sa maiɗakina ta wanke ta tas, muka shanya a tabarma. Na raba ta kashi huɗu. Kashi ɗaya na bar shi tsaba. Ɗaya ta daka a turmi. Ɗaya na kai wurin wani dattijo a Ikara da har lokacin yake lallaɓa tsohon farantin waje. Na ƙarshe na kai injin da ni da hannuna na ɗaura wa sabon farantin zubi a makon. Na jera kwanuka huɗu a benci, kowanne na ratsa shi da mayen cikin sabuwar leda, na kakkaɓe abin da ya fito a farar takarda. Tsaba, babu komai. Na turmi, babu komai. Na tsohon faranti, ɗan kaɗan kamar an barbaɗa kwalli. Na sabon faranti kuwa, sai da na ratsa sau biyar yana fitowa, har da ƙananan tsinke masu sheƙi da ido ke gani. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ta ce, "Wannan shi muke tuƙawa?" Na ce shi ne. Ta koma ciki, daga ranar kuwa turmin gidanmu bai huta ba.

Ban san ko abin yana cutarwa ba, kuma ban so in tayar wa mutane hankali a kan abin da ban sani ba. Sai na naɗe takardun na kai wa Sista Asabe, ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin shan magani, wadda muke coci ɗaya. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Na ce na ji ana ba mata masu ciki maganin ƙarin jini, an ce ƙarfe ne a ciki, ko wannan ma haka yake?

Ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, "Baban Rifkatu, wancan an auna shi, an san abin da ke ciki. Wannan me aka narka aka yi shi?"

Na ce, "Duk abin da aka samu."

"Har da dalma? Har da abin da ke da fenti?"

Na ce ban sani ba, kuma in ma akwai dalma, mayen ba ya kama ta.

Ta ce, "To ni ma ba zan yi maka ƙarya ba. Ban san iyakar abin da yake yi wa ciki ba, ba a koya mana ba. Amma ba zan dama wa jariri koko da shi ina sane ba."

Ta ƙara da cewa in kiyaye mayen nan daga yara, domin in yaro ya haɗiyi biyu, za su nemi juna a cikin hanji, kuma babu abin da za ta iya yi masa a nan. Tun ranar nake kulle su a akwati.

Na koma wurin Alhaji Sule da takarduna huɗu. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali, na tambayi jikin mahaifiyarsa, na shimfiɗa su a gabansa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce ina ganin in aka sa mayen a bakin indararo, zai tare mafi yawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya naɗe takardun da kansa ya miƙo mini.

Ya ce, "Wa ka nuna wa?"

Na ce Sista Asabe kawai.

Ya ce, "To ya tsaya nan. Ka ga halin da ake ciki. Man gas sai a wurin 'yan bumburutu, rabin mata sun koma turmi saboda tsadar niƙa. Ranar da suka ga wannan baƙin abu yana fita daga garinsu a injina, ba za su ce Alhaji ya kyauta ba. Cewa za su yi injin Alhaji ne ke zubar da ƙarfe, su tafi na wani. Kuma in an tambayi wanda ya kawo farantin, sunanka za a kira."

Na ce, "Gaskiya ne, ni na kawo. Shi ya sa ba zan iya rufe baki ba, ranka ya daɗe."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in gaida gida. Sati biyu bayan nan na ji wani makaniki daga Zariya ne ke duba masa injuna.

Shekarar ba ta yi mini kyau ba. Layin mai ya kai mutum ya kwana biyu a gidan mai bai samu ba, injuna da yawa suka tsaya, waɗanda ke aiki kuma masu su suka ji abin da ya faru tsakanina da Alhaji. Wasu suka ce Bitrus ya samo wani ƙarfen tsafi yana ɓata wa mutane sana'a. Na jingine babur na koma keke. Damina ta faɗi na koma gonar gado a Janfalan, ina noma da safe, da yamma in buɗe shago in zauna ina faci da gyaran fitila.

Wadda ta fara yarda da ni ita ce Mama Talatu ta Gubuchi. Mijinta ya rasu, matan cocinsu suka haɗa hannu suka sayi ƙaramin inji suka damƙa mata, ita ke kunna shi da kanta, ita ke ɗaure bel. Ta kawo mini faranti wasa a kan keken ɗan'uwanta, sai na yi mata gwajin a gabanta da garin da ke maƙale a jikin farantin. Ta duba, ta ce, "Ashe shi ya sa kokon safe ke yin duhu in an sa sabon faranti. Ni ina ta zargin gero." Sannan ta ce, "Ka iya tare shi?" Na ce ina zato. Ta ce, "To zo ka gwada a nawa. In ya ɓaci, ni da kai ne."

A nan ne na gane ban san mayen nan ba tukuna. Dabarata ta farko, in yi masa ɗan gida na ƙarfe in liƙa da walda a bakin indararo. Na ɗora biyu a inda nake so, na kunna walda. Wutar ta riƙa karkacewa tana gudu gefe kamar iska na hura ta, ɗinkin ya fito a murɗe. Na dage na gama. Da ya huce na kai ƙusa kusa, sai ta faɗi ƙasa. Na sake kaiwa, ta sake faɗuwa. Zafi ya kashe su. Ga su nan fari tas kamar yadda suke, amma babu komai a cikinsu. Na ajiye su kwana uku ko za su farfaɗo, na goga musu masu rai, duk a banza. Saura biyar.

Na biyu, na ɗaura guda ɗaya da waya a cikin indararon, inda gari ke bi ta kansa. Ya kama ƙarfe sosai, amma cire abin da ya kama ya zama aiki, ka share nan ya koma can. Kuma injin Mama Talatu ba gari kaɗai yake yi ba, da safe markaɗen wake da gero take yi. Ruwa ya shiga ta inda farin rufin mayen ya ɗan ɓantare, cikin sati biyu ya kumbura, ya fara marmashewa. Ta aiko a kira ni, na tarar ta kashe inji ta zubar da markaɗen wata mata ta biya ta wakenta. Ta ce, "Baban Rifkatu, ka zo cire ƙarfe ne ko ƙarawa?" Na kwance wayar na cire shi. Saura huɗu.

Abin da ya fitar da ni shi ne ledar nan ta ranar Laraba a Makarfi. Na lura in na zare mayen daga cikin leda, gemun yakan zube da kansa. Ashe ba sai ya taɓa garin ba. Na gwada da murfin tukunyar alminiyom: mayen a ƙasa, garin ƙarfe a sama, ya kama shi ta cikin murfin kamar babu komai a tsakani. Sai na yanka jikin akwatunan da Ɗanlami ya kawo da wata tsohuwar tukunya, na buga su suka zama ɗan faffaɗan indararo, ban kai wuta kusa ba, da ƙusar alminiyom na haɗa. A ƙarƙashinsa na yi aljihun katako mai zamewa, na kwantar da mayen biyu a ciki, na toshe da kakin zuma saboda ruwa. Sai da na sake shi sau uku. In gangaren ya yi yawa, gari ya wuce da gudu bai bar komai ba. In ya kwanta da yawa, ya cushe. In gari ya zubo da kauri, na sama ya tsere. Daga ƙarshe na sa ɗan shinge da ke baza garin ya bi siriri. In an gama niƙa, a kawar da kwano, a tara farantin cin abinci, a ja aljihun, baƙin ya zubo.

Na ce wa Mama Talatu ta riƙa zubarwa a rami ba tare da ta tsorata mutane ba. Ta ce, "Don me? Garinsu ne." Ta samo farin kwanon sha ta ajiye a kan turmi a bakin rumfar. Duk matar da aka gama wa niƙa, sai ta ja aljihun a gabanta, ta ce, "Ga naki." Kwana biyun farko an yi ta surutu, wasu suka ɗauke hatsinsu suka tafi. Wata ta ce injin Talatu ya lalace. Mama Talatu ta ce mata, "Je ki niƙo a inda kika yarda da shi, ki kawo mu bi da shi ta nan." Matar ta je ta niƙo, aka zuba garin ta indararon a gaban jama'a, aka ja aljihu. Abin da ya zubo ya fi na Mama Talatu yawa, domin ita na riga na koya mata kada ta matse faranti sosai, gara ta niƙa sau biyu, kuma duk sabon wasa ta fara niƙa dusa ta binne kafin ta sa abincin mutane. Kafin kaka, daga ƙauyukan kewaye ake kawo mata niƙa a kan jaki. Matan da ba su fita suka riƙa aikowa da saƙo cewa a niƙa musu a injin mai aljihu.

Bayan an gama girbi, wata safiya ina wasa faranti sai na ji sallama. Alhaji Sule ne, shi kaɗai, motar haya ya biyo. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa kamar babu abin da ya taɓa faruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ka san Inna." Na san mahaifiyarsa, tsohuwa ce da haƙoranta suka zube, kunu ne abincinta safe da rana da dare.

Ya ce, "Shekaranjiya na gano wata biyu ke nan tana ba jikarta ta Gubuchi gero a ɓoye, a niƙo mata a can. Injina yana bayan gidanta, taku kaɗan. Na je na durƙusa na ce, Inna, me na yi? Ta ce, an ce mini ka sani. Na ce na sani. Ta ce, to tashi ka ba ni wuri." Ya shafa gemu. "Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba. Mayen nan saura nawa gare ka?"

Na ce biyu, su ke nan.

Ya ce, "A sa a na kasuwa. Na Kudan su tsaya har Ɗanlaminka ya samo wasu."

Na ce zan iya yin aljihun ta baya, inda ba za a gani ba, mai kula da inji ya riƙa zubarwa da yamma. Ya ce a'a, in yi shi yadda na yi na Gubuchi.

Ranar kasuwar Makarfi na ɗaura shi, tun da hantsi. Mata sun yi layi da kwanuka, suna kallon abin da nake bugawa. Aka niƙa kwanon farko, dawa ce ta wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Na kai hannu zan ja aljihun, Alhaji ya ce in bari. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya karɓi farin farantin cin abinci, ya tara, ya ja da kansa. Baƙin ya zubo. Ya ɗaga farantin ya bi layin da shi a hankali, yana tsayawa gaban kowace mace.

Ya ce, "Ku duba da kyau. Wannan daga injina ya fito. Mun daɗe muna ciyar da ku shi, ni da wannan bawan Allah. Shi bai sani ba sai bara, kuma da ya sani ya faɗa. Ni na sani na yi shiru. Ku yafe mini."

Injin yana ta bugawa ba komai a cikinsa, ni kuma ina tsaye da sifana a hannu na rasa inda zan sa idona. Dattijuwar mai daddawa ta sa yatsa a farantin, ta murza, ta kai kusa da ido, ta goge a zanenta. Ta dubi Alhaji, ta dube ni.

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma garin nan nawa a sake bi da shi ta wurin, ban yarda sau ɗaya ya isa ba."

Alhaji ya ajiye farantin, ya sunkuya ya ɗauki kwanonta da hannu biyu, ya sake juye garin a indararo. Aka ja aljihu, sai ga wani ɗan baƙin ya ƙara zubowa. Ta ce, "Ka gani." Ta ɗora kwanonta a ka, ta ce wa ta bayanta ta matso.